WA KE DA IKON HANA TAKARDA SHIGA GIDANKA? ƊAN TARIHI KAFIN MU NEMI DOKA

Ranar Asabar da ta wuce na dawo daga sallar La'asar na tarar da 'yata, 'yar aji huɗu a firamare, tsugune a zaure tana haɗa baƙi. Har na fara jin daɗi, na ce yarinya ta kama son karatu. Da na matsa sai na ga abin da ke hannunta: takardar tallar maganin gargajiya ce, irin wadda ake bugawa gaba da baya, an jero cututtuka tun daga basir har zuwa abubuwan da ba zan iya rubutawa a nan ba, ga zane, ga lambar waya. Wani ne ya turo ta ƙarƙashin ƙofa. Ina karɓewa ta ɗago kai ta ce, "Baba, mene ne..." ta faɗi kalmar. Na ce ta tashi, babarta na kira.

Da dare na kai maganar majalisa, ashe kowa na da nasa ƙorafin. Wannan ya yi wa katangarsa sabon fenti, aka wayi gari an lulluɓe ta da fastocin 'yan takara. Wancan matarsa ta tsinci takardar "zuba dubu goma ka kwashi ashirin", saura ƙiris kuɗin adashi su tafi. Wani dattijo a cikinmu ya yanke magana, ya ce a kai wa ƙaramar hukuma ƙorafi ta kafa doka: kada kowa ya raba takarda ko jarida a gidajen mutane sai ya je sakatariya an duba an buga masa hatimi. Duk muka ce haka ne, har da ni, don a lokacin zuciyata na tafasa.

Sai da na kwanta abin ya riƙa dawo mini. Wannan doka da muke nema ai mun taɓa zama a ƙarƙashinta. Iyayenmu sun san ta, kuma ba mai maganin basir ta kama ba.

Kafin takardar boko, gidan Bahaushe yana da dokarsa, sunanta zaure. Baƙo ya tsaya a waje ya yi sallama, a aiko yaro, mai gida ya fito ko ya ce ba ya nan. Saƙo ba ya wuce zaure sai da yardarsa. Wanda ya ga mutane na yi masa kutse sai ya sa gawayi ko fenti ya rubuta BA SHIGA a jikin bango, kuma har gobe za ka ga wannan rubutu daga Karkarna zuwa Gwiwa. Ba sarki ne ya rubuta masa ba, ba alƙali ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wanda ya fara tura takardar da ba a nema ba zuwa ƙofofin mutane da yawa a ƙasar nan hukuma ce da kanta. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne edita, Dokta East yana kula da ofishin. Cikin dalilan kafa ta akwai tsoron jita-jita, don yaƙi na ƙaratowa kuma ana ta raɗe-raɗin za a miƙa ƙasar ga Jamus. Ita Gaskiya sayar da ita ake yi, kwabo guda. Amma da yaƙi ya yi zafi, a 1941, aka fito da wata mai suna Suda wadda labarin yaƙi ne zalla a cikinta, ita kuwa kyauta ake raba ta. Aka kuma yi 'Yar Gaskiya da ajami saboda waɗanda ba su iya boko ba, wato mafi yawan jama'a. Bayan yaƙi aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan a shekarun 1950 hukumar NORLA da shirin Yaƙi da Jahilci suka cika Arewa da ƙananan littattafai da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya.

Hanyar da takardun hukuma ke bi ita ce hanyar haraji. Daga Razdan zuwa En'e, daga En'e zuwa hakimi, hakimi zuwa dagaci, dagaci zuwa mai unguwa. Mu nan Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi muna da En'en kanmu a cikin Lardin Kano, su mutanen Ɓaɓura suna ƙarƙashin En'en Kano, amma tsarin ɗaya ne. Ba wanda ya tambayi talaka ko yana so. Shi ya sa tsofaffinmu suka tashi da fargabar takarda, don in ta zo ƙofarka daga sama, ko haraji ne ko sammaci. Ban ce waɗancan jaridu ba su yi amfani ba. Sun yi ƙwarai. Mutum ɗaya mai karatu yakan tara ashirin a gindin bishiya, kuma da yawa daga malaman da suka koyar da mu da su suka goge. Abin lura kawai shi ne takardar hukuma ba ta neman izinin kowa. Mai neman izini shi ne wanda ba hukuma ba.

Na farko da ƙofar ta tare 'yan mishan ne. Da Gwamna Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin mutane ba, don haka mishan ba ta shiga ƙasar sarakunan Musulmi sai da izini. Dokta Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Ko da aka sassauta, har SIM ta samu wuri ta yi makaranta a nan Roni, da sharuɗɗa aka ba su, na inda za su yi wa'azi da inda ba za su yi ba. Na san yawancin masu karanta wannan za su ce ai wannan daidai ne, kuma ba gardamar da nake son tayarwa ke nan ba. Ina so ne ku ga yadda irin wannan ƙofa ke fara aiki. Kullum tana farawa da wanda jama'a suka yarda a tare. Daga nan mai riƙe da mabuɗi ya saba da rufewa.

A kudu ma ba jarida ce ta jawo dokar da ta fi tsanani ba, 'yar ƙaramar takarda ce. A 1908 Herbert Macaulay ya buga ƙasida a Legas yana zargin almundahana a aikin jirgin ƙasa zamanin Gwamna Egerton. Shekara na zagayowa, 1909, aka kafa dokar hukunta tunzura jama'a a kan gwamnati. Wannan doka ta sauya riga sau da yawa amma ba ta mutu ba, ta bi mu har bayan mulkin kai.

Sai aka zo kan 'yan gida. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, a 1952 ta fitar da takardar manufofinta ta Sawaba wadda ta raba al'umma gida biyu, masu sarauta da talakawa. Jam'iyyar ba ta da rediyo, ba ta da hakimai. Abin da take da shi waƙa, lacca, shafin Hausa na jaridar Comet da ake bugawa a Kano, da takardun da ake miƙawa hannu da hannu. A wancan lokacin En'e ce ke ba da izinin taro, ita ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari, kuma manyanta su ne jiga-jigan NPC. To ka je ka nemi izini a wurin wanda takardarka ke suka. Mutane da yawa a Arewa sun sha ɗauri da bulala a kan taro ba izini ko a kan abin da aka kira zagin sarauta. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai ta shiga kurkuku fiye da sau goma.

Wan mahaifina, Allah Ya jiƙansa, tela ne kuma ɗan Sawaba. Ya sha ba mu labarin yadda yake ninke takarda ya cusa a cikin naɗin hularsa in zai dawo daga Kano, ya iso gida ya tura ta cikin rumbu a tsakanin dammunan gero. Sai bayan Isha'i, an rage fitila, mutum huɗu ko biyar su taru a zaurensa ya karanta musu a hankali. Yana ba da labarin yana dariya, amma har ya rasu in ya ga takarda mai hatimi sai fuskarsa ta canja. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen nan da ƙafarsu suka zo, mai gida ne ya buɗe musu zaurensa. Wanda ba ya so a ji yana can wani wuri.

Zaɓen Disamba 1959 ya kawo abin da ba a taɓa gani ba. Jam'iyyar AG ta Cif Awolowo ta shigo Arewa da jirgi mai saukar ungulu, ana watso takardu daga sama. Wannan shi ne ainihin raba takarda ba tare da sallama ba, don ta tsallake zaure ta faɗa tsakar gida. 'Yan NPC kuwa suka samu abin faɗa, aka riƙa cewa ga mutumin da ke leƙa matan kulle ta sama. Da aka ƙirga, NPC ta tashi da kujeru 134, AG da ƙawayenta suka samu 25 a Arewa, galibi a yankunan da ba na Hausa ba, NEPU ta samu 8. Ba zan ce jirgin ne ya kayar da shi ba, dalilai na da yawa, har da ƙarfin En'e da na ambata. Amma duk kuɗin da aka kashe, takardar da ta faɗo ba sallama ba ta sayi zuciyar masu gida ba. Waɗanda ta faɗo wa a tsakar gida ma, wato mata, ba su da ƙuri'a a Arewa a lokacin.

Zamanin soja kowa ya sani, ba sai na daɗe ba. Doka ta 4 ta 1984 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda. A 1994 aka rufe Guardian da Punch da Concord, mujallu irin su Tell suka koma bugawa a ɓoye. Ko a mulkin farar hula, a 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano, daga baya hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. Yau waɗannan labarai suna cikin wayar 'ya'yanmu, wasu ma sun fi na da muni nesa ba kusa ba.

Kotunanmu kuwa sun ɗan yi magana. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure saboda littafin da ya rubuta yana sukar gwamnan Anambara, ta ce dokar tunzura jama'a ta Turawa ba ta dace da tsarin mulkin 'yantacciyar ƙasa ba. A 2007 kuma, a shari'ar da ta biyo bayan tarwatsa gangamin ANPP a Kano a watan Satumban 2003, kotun ta ce tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Don haka dokar hatimin da muka yi ittifaƙi a kanta a majalisa, ko an kafa ta, ina shakkar ta tsaya a gaban alƙali in aka samu mai ƙarfin halin kai ƙara, ga sashe na 39 a zaune.

Wani zai ce to shi ke nan, mu zuba ido a riƙa turo wa 'ya'yanmu batsa ta ƙarƙashin ƙofa? A'a. Amurkawa sun yi wannan rigima tun kafin a haifi iyayenmu, kuma yadda suka warware ta ya ba ni mamaki don ya yi kama da namu. A garin Griffin na jihar Jojiya an yi doka irin tamu sak: ba mai raba takarda sai da rubutaccen izinin shugaban gari. Aka kama wata mata, Alma Lovell, 'yar Shaidun Jehobah. A 1938 Kotun Ƙoli ta soke dokar. A 1939 wasu garuruwa suka ce su tsabtar titi suke karewa, kotu ta ce in shara ce damuwarku ku hukunta wanda ya zubar, ba ku hana rabawa ba. Ta uku ita ce ta fi kusa da mu. A garin Struthers na jihar Ohayo, inda ma'aikatan ƙarfe ke aikin dare su yi barci da rana, aka hana ƙwanƙwasa ƙofa don miƙa takarda. Uzuri ne mai kyau, amma a 1943 kotu ta ce ba gari ne zai yanke wa kowane gida hukunci ba. Mai gida ne zai ce ba ya so, in ya sa alama aka keta, sannan hukuma ta hukunta mai ketawa.

Kun ga BA SHIGA ke nan, an sa mata rigar lauya. Turai ma hanyar da suka bi ke nan. A Faransa tun 2004 akwai 'yar takardar da mutum ke mannawa a akwatin wasiƙunsa cewa ba ya son talla, kuma daga 2021 wanda ya keta yana iya biyan tarar da ta kai Yuro 1,500. Birnin Amsterdam na Holan ya juya abin a 2018: ba a jefa maka tallar da ba sunanka a kai sai in kai ka manna alamar kana so. A duk waɗannan ba wani jami'i da ke karanta takarda ya ce wannan ta wuce, wannan ba ta wuce ba.

Ƙaramar hukuma tana da hurumi, ban musa ba. Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ta kula da tallace-tallacen waje da allunan talla, ya ba ta kwashe shara. Sashe na 37 ya kare sirrin gidajen mutane. Kansilolinmu suna iya zama gobe su ce wanda ya manna fasta a katangar mutum ba izininsa zai kankare kuma ya biya fenti, gidan da ya rubuta ba ya son talla ba a tura masa, kuma duk takardar talla sai ta ɗauki suna da adireshin mai ita don a san wanda za a nema. Wannan ba ya buƙatar kowa ya karanta abin da ke ciki. Mai tallar magani kuwa tuni doka ta san da shi, don tallar magani sai da amincewar NAFDAC. Matsalar ba rashin doka ba ce, ba mai bi ne.

Akwai kuma abin da Bature bai sani ba mu muka sani. Mun tashi muna ganin kakanninmu in sun ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai su ɗauka su kaɗe su soke a tsagar bango. Yau ɗan takara zai buga fasta dubu da Bisimilla a sama da aya a ƙasa, bayan sati guda suna cikin kwata, ko an ƙunshe ƙosai da su. Wannan in malamai suka ɗauke shi a mumbari zai fi tarar ƙaramar hukuma tasiri. Ku tuna takardar nan ta wasiyyar Shehu Ahmad mai gadin kabarin Annabi (SAW), wadda ake cewa ka kwafa ka raba ko masifa ta same ka. Muna yara ana raba ta a masallatai da tasha. Ba 'yan sanda ne suka rage mata ƙarfi ba, malamai ne suka yi ta bayani cewa ƙirƙirarriya ce. Ko da yake na ga ta sake ɓullowa a WhatsApp, inda ba zaure ba sakatariya.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara ashirin ina tura fayil, ba na siyasar jam'iyya kuma ba da wata hukuma nake ba. Amma na san abin da hatimi ke zama in ya shiga aljihun tebur. Da farko za a ce kyauta ne. Bayan wata uku a yanka masa kuɗin fom. Bayan shekara a ba wasu matasa rasit su tsaya a bakin kasuwa. Mai maganin da ya turo wa 'yata takarda zai biya a buga masa ya wuce, har ma ya riƙa nuna wa mutane cewa hukuma ta amince da shi. Wanda za a ce ya dawo gobe, oga ba ya nan, shi ne yaron da ya rubuta cewa rijiyar burtsatsen unguwarsu ta shekara biyu a lalace, ko ɗan takarar da ba na jam'iyyar ciyaman ba. Kuma ciyaman na canjawa. Tun da aka ba mu ƙaramar hukuma, ku ƙirga jam'iyyu nawa suka zauna a kujerar. Wanda ya ƙera mabuɗin yau, shi za a rufe a waje jibi.

Ranar Lahadi na kira lambar da ke jikin takardar. Wani saurayi ya ɗauka, da ladabinsa, yana ta "ranka ya daɗe", ya ɗauka ciniki ne. Na gaya masa abin da ya faru, na tambaye shi ko zai so ƙanwarsa ta karanta wannan a gaban mahaifinsu. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ba shi ya rubuta ba, yara ake ba su raba, kuma ana biyansu ne in sun ƙarar da bandir. Ya ba da haƙuri. Ban sani ba ko zai daina.

Da yamma na samo ragowar fenti na ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin tsohon BA SHIGA ɗin zaurenmu: BA A TURO TAKARDAR TALLA. Maƙwabcina ya tsaya yana kallo, ya ce in na gama in ba shi aron burushin. Dattijon majalisarmu kuma yana nan a kan bakansa, ya ce shi dai sai ya kai takardar ƙorafinsa sakatariya, har ya nemi in taya shi rubutawa tunda ni na san yaren ofis. Na ce masa zan rubuta, amma ban da sakin layin hatimi. Mun yi da shi za mu zauna ranar Juma'a bayan an sauko.